Faifan da Inna Ta Naɗe a Rawanin Malam

Bana azumi ya faɗo mana daidai da cirar albasa. Rana tana yin tsaka warin lawashi zai cika fadama, maƙogwaro ya bushe har yawu ya gagara haɗiya. Shekaranjiya ina zaune a inuwar rudu, rumfar karan da muke adana albasa, ina kallon masu aiki suna yanke ganye. Ɗaya daga cikinsu ya rataye wayarsa a reshe tana ta zuba tafsiri. Na tambaye shi na malamai nawa ne a ciki, ya ce shi ma bai sani ba, a tasha aka loda masa. Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Akwai shekarar da gidanmu gaba ɗaya ya yi noman rani don a ji muryar mutum guda, kuma duk sanda warin albasa ya haɗu da ƙishin azumi, shekarar nan ce take dawo mini.

Mahaifinmu malami ne a Wurno, kuma Malam muke ce masa har mu 'ya'yansa. Ba irin malaman da ake jin sunansu a gidan rediyo ba ne. Zaure gare shi da buzu da ɗalibai, yawancinsu manoma da 'yan kasuwa masu furfura. Kowane azumi yana yin tafsiri bayan la'asar, in ya rufe littafi sai ya ja baitocin begen Annabi da ya karɓa daga nasa malaman, jama'a suna amshi. Ni ne mai danna rikoda, don a gidan malamai ba a rasa wa mai taurin kai aikin yi. Shekara da shekaru ana haka har kaset ya cika babban kwali.

Abin da ke cikin kaset ɗin nan ba karatu ne kaɗai ba. Akwai tarin Malam, da yadda yake gyara murya kafin ya fara aya. Akwai carar zakaran maƙwabta da ba ya ganin girman kowa, akwai ƙarar taɓaryar Inna, mahaifiyarmu, tana dakan kunu a cikin gida. Akwai ma wani guda da Malam ya manta rikoda tana tafiya, jama'a sun watse, ya leƙa ƙofar cikin gida ya ɗaga murya:

"Ɗiyar Rabah, kunun ga na yau ko na gobe na?"

Inna 'yar Rabah ce, kuma da sunan garin yake tsokanarta tun tana amarya. A kaset ɗin ana jin dariyarta daga nesa.

Mu biyu ne maza. Ni Umaru, wanda karatu ya ƙi shiga kansa, na kama fadama. Yaya Sani shi ya ɗauki karatun, na allo da na boko, yana koyarwa a Sakkwato. Ya kuma ɗauki wani abu da ba a koyarwa, wato muryar Malam sak. In ya yi sallama a ƙofar gida, sai matata Balki ta yi sauri ta gyara lulluɓi, ta ɗauka surukinta ne.

Malam ya rasu da faɗuwar damina, ana cikin shuka. Inna ta shiga takaba, kaset ɗin nan suka zama abokan zamanta. Muna da wani babban rediyo da wani ɗalibin Malam ya kawo masa tsaraba daga aikin Hajji, mai sifika biyu, da bakin kaset a ƙasa da wurin sa faifai a sama. Na shigar mata da shi ɗaki, in babu wuta in jona masa batirin mota. Sai dai laima ta damina ta fara taɓa kaset ɗin, murya ta riƙa jan ƙafa. Wata rana rediyon ya tauna zaren guda ɗaya. Na zare shi a hankali, na naɗe da biro, amma inda ya tauna ya tafi. Ranar Inna ba ta ci abinci ba.

Ana cikin haka Yaya Sani ya zo gaisuwa, ya ji abin da ya faru. Ya daɗe yana jujjuya kaset ɗin yana karanta abin da na rubuta a jikinsu, sannan ya ce:

"Inna, waɗanga ba su daɗewa. Yanzu akwai dabara. Ana matse murya ta ƙanƙance, a zuba dut abin da ag ga kwalin ga cikin hwaihwai guda. Em-pi-tiri aka ce mai. Ba shi taunuwa, laima ba ta kama shi."

"Dukansu cikin guda?" in ji Inna.

"Dukansu, Inna. Kamar yadda aka danna auduga cikin buhu."

Ni da hannuna na ɗaure kwalin a bayan babur na kai shi tasha. Har addu'a na yi masa.

Daminar ba ta yi kyau ba. Ruwan sama ya ɗauke a lokacin da gero yake cikin fitar da kai, muka girbe abin da bai kai rabin rumbu ba, wake kuwa ƙwari suka riga mu. Inna ta fita takaba ana gab da azumi, cikin zafin nan na ƙarshen kaka da ke dafa mutum a tsaye. Ana gobe za a ɗauki azumi Yaya Sani ya iso da faifan a cikin farar takarda. Fari ne fes, bayansa yana walƙiya, ya rubuta a kansa da hannunsa: Tafsirin Malam. Na ce ina kaset ɗin, ya ce suna wurin mai shagon da ya yi aikin, zai karɓo.

Na sa faifan a rediyo. Ya juya, ya yi 'yar ƙara, ya tsaya. Rediyon ya rubuto da Turanci wai babu faifai a cikinsa, alhali ga shi ina gani da idona. Na fitar, na goge da bakin riga, na mayar. Haka dai. Yaya Sani ya dafa goshi.

"Kash. Wanga rediyo tsohon yayi na, faya-fayen da kaɗai ya sani. Ba shi karanta matsattse. Sai an samu sabuwar na'ura."

"Amma shina ciki?" Inna ta tambaya.

"Shina ciki, Inna."

Ta karɓi faifan da hannu biyu. Ta buɗe akwati ta ɗauko rawanin Malam, ta naɗe shi a ciki, ta turara.

A lokacin, na'urar da ke karanta irin wannan faifai guda ɗaya na sani a unguwarmu, a gidan kallo, inda samari ke cika suna kallon raye-raye. Na ce bari in aro ta na yini guda. Inna ta dube ni kamar na zage ta.

"Malam za ka sa wa bakin abin da ka tauna waƙa da rawa? Ba da raina ba. Kuma wanga hwaihwai ba shi hita gidan ga. Wancan kwali da yah hita, ka ga ya dawo?"

Magana ta ƙare ke nan. Sabuwa za a saya, wadda ba ta taɓa kiɗa ba, kuma a gidan da rumbu bai cika ba, hanya ɗaya ce: albasa.

Na ƙara fili a kan wanda na saba nomawa, na ari gonar wani ɗan uwa a bakin gulbi. Dashe ya faɗo cikin azumi. Wanda bai taɓa dashen albasa da azumi a baki ba, ba zai gane ba. Ka sunkuya tun hantsi, ƙafa cikin laka, ruwa yana gudu a fangali ta tsakanin yatsunka, sanyinsa yana hawa ƙafa, kai kuwa harshenka ya zama busasshen ƙirgi. Ka ɗago kai ka ga fadama tana rawa. Dangi da maƙwabta suka yi mini gayya, muka jera, kowa ya yi shiru don magana ma ƙishi take ƙarawa. In la'asar ta yi, lokacin da a da nake danna rikoda, sai in ƙara sunkuyawa.

A gida kuwa Inna ta mai da lokacin tafsiri lokacinta. Za ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ɗauko rawanin da faifan a ciki ta ajiye a gefenta, ta ja carbi har a kira magariba. Buɗa-bakinmu kunu ne da ɗan ƙosai in an samu, tuwo kuwa na dare shi ne na sahur. Balki ta taɓa tsokanarta, ta ce Inna ko a zuba wa Malam kunu ne. Inna ta yi murmushi ta ce ai shi yanzu ya huta da jiran kunu.

Bayan Sallah ruwan gulbi ya fara ja baya. Mu da ke ƙasa da dam ɗin Goronyo rayuwarmu ke nan: in an saki ruwa ka ga gulbi ya kawo, in an rage ka ga yashi. Na riƙa jan injin ban-ruwa ina bin ruwa, ina ƙara tiyo a kan tiyo. Da ya gagara, muka haƙa rami a cikin yashin gulbi muna jira ya tsattsafo. Ga tsadar fetur. Injin nan ya fi kowa ci a gidanmu shekarar, kuma shi ba ya azumi. Da abin ya yi tsanani, Inna ta kwance akuyarta ta miƙa mini igiya in kai kasuwa. Ɗari ya shigo, ƙafafuna suka tsattsage da faso, in na taka ruwa da safe sai in ji kamar an yanka ni. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, sauran fura ce mai ruwa-ruwa.

A tsakiyar ɗarin nan Yaya Sani ya zo. Wannan zuwan nasa ne har yau ban iya haɗiyewa ba. Ya same ni a fadama, ya ga ramin da muka haƙa, ya ga ƙafafuna. Ya shiga gida ya ga turken akuya babu akuya. Inna ta ɗauko masa rawanin ta nuna masa inda take ajiye shi, tana ba shi labarin yadda za a tara ɗaliban Malam ranar da na'ura ta zo. Balki ta tuƙa masa tuwo daga geron da muke awo da tafin hannu. Ya ci, ya wanke hannu. Na sake tambayar kaset, ya ce mai shagon ya yi tafiya. Da zai hau mota ya ce:

"Umaru, kada ka kashe kanka bisa abin ga. A bi a hankali."

Na ɗauka tausayi ne. Har daɗi na ji.

Albasa ta yi, Alhamdu lillahi. Zafi ya dawo, ganye ya kwanta, muka shiga cira. Lawashin da aka yanke aka riƙa kai shi gida, Inna da Balki suka daka shi suna dunƙula gabu, suna shanyawa a kan tabarma don a sayar wa masu miya. Gidan ya yi wari har tufafin salla, idanun kowa jajur, tafin hannun Inna ya yi kore ya sale. Na ce ta bari, ta ce in kula da gabana.

Kowane manomi ya san ba a sayar da albasa da cira. Lokacin kowa ya kawo, kasuwa ta cika, dillali yana taɓa buhunka da ƙafa yana hamma. Mai hankali rudu yake zubawa ya jira damina ta yi nisa. Ni ma na san haka. Amma Inna ta fara tari, ta rame, kuma duk safiya in na shiga gaishe ta sai idonta ya tambaye ni. Na loda rabin abin da na noma na kai kasuwar Goronyo, na sayar a wulaƙance.

Daga wurin awo ban tsaya ko shan ruwa ba na nufi layin masu kayan wuta. Na zaɓi na'ura a cikin kwalinta, siririya mai ruwan azurfa. Mai shagon ya zaro faifan waƙa zai gwada mini, na riƙe hannunsa.

"Mi ah hwaru, Malam?"

"Ba ta kiɗa. In gwaji za ka yi, nemo na wa'azi."

Ya dube ni, ya dubi na'urar, ya aika maƙwabcinsa ya kawo. Ya nuna mini inda zan soka jar waya da fara a bayan tsohon rediyonmu, don murya ta fito ta manyan sifikun. Na rungumo kwalin a kan cinya har Wurno.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka sa. Na share zauren Malam, na shimfiɗa buzunsa, na ɗora rediyo da na'ura a kansa. Na aro ƙaramin janareta don kada wuta ta kunyata mu. Tsofaffin ɗalibansa suka zo, wasu da sanda, har daga Magarya. Zafi kamar a bakin murhu, gumi yana bin gemu, ba wanda ya damu. Inna ta dama kunu mai yawa, ta zauna da mata a bayan ƙofar cikin gida, daidai inda Malam yakan leƙa. Ita ta warware rawanin da kanta ta miƙo mini faifan.

Na sa. Ya juya. Wannan karon lambobi suka fito, na ji wani dattijo ya ce Allahu akbar. Na danna.

Murya ta cika zauren, mai tsafta, mai daɗi, babu tari, babu zakara. Wani Balarabe ne yana karanta Fatiha.

Kowa ya sunkuyar da kai, don Alƙur'ani ake karantawa. Aka kai ƙarshe, muka ce amin. Dattijon da ke kusa da ni ya raɗa mini cewa wataƙila buɗewa ce aka sa don albarka. Sai Baƙara ta fara, da muryar nan dai. Ba mai iya tashi, ba mai iya cewa uffan, ba mai iya ko ɓata fuska. Wa zai ɓata fuska ana karatu? Na jira mai karatu ya kai ƙarshen aya, na danna gaba. Ali Imrana. Na jira, na danna. Nisa'i. Ina jiran ƙarshen aya ina dannawa, ina cewa a raina na gaba ne, na gaba ne Malam zai gyara murya. Haka na bi surorin nan ɗaya bayan ɗaya, rana tana sauka a bangon zaure, har muka kai Nasi. Da ta ƙare, lambar ta koma ta farko.

Dattawan suka tashi ɗaya ɗaya suna neman takalma. "Allah shi ba da lada," suke cewa, don babu wani abin faɗa. Kunun ma ba wanda ya sha. Na kasa juyawa in dubi ƙofa, sai muryar Inna na ji:

"Umaru, kashe injin ga, mai na ƙonewa."

Na aika wa Yaya Sani cewa in bai zo ba ni zan zo, kuma ba zai so zuwan ba. Ya iso da hantsi bayan kwana kaɗan. Muka zauna a ɗakin Inna, tana bakin gado. Ban gaishe shi ba.

"Ina kaset ɗin Malam?"

Bai ko sunkuyar da kai ba. "Na ƙone su."

Ya ce ya yi karatu a birni, ya gane abin da bai gane ba a da. Baitocin nan da Malam ke ja, in ji shi, ba su da asali, kuma a tafsirin ma akwai gyara. "Duw wanda yas saurara yay yi aiki da su, nauyi na bisa Malam cikin kabari nai. Ni sauke mai niy yi. Ɗa na gari haka shika yi."

"To mi ah hana ka hwaɗi? Ka zaka nan cikin ɗari, ka ga ƙahwahuna, ka ga turke babu akuya, ka ci tuwonmu. Mi ah hana ka buɗe baki?"

"Na san rediyonku ba shi karanta shi," ya ce. "Ni ɗauka niy yi za ku gaji ku bari."

Ashe ya sani tun ranar farko. Ya zaɓi irin faifan da rediyonmu ba zai iya tona shi ba, ya dafa goshi ya ce kash. Ya dogara da talaucinmu ya rufa masa asiri.

"Kuma mi nib ba ta?" ya ƙara. "Alƙur'ani na. Wa ka cewa an cuce shi da Alƙur'ani?"

Na miƙe. Wallahi ban san abin da zan yi ba, amma na miƙe.

"Zamna, Umaru," in ji Inna. Ta juya fuskarta ga bango, ta ba mu baya. "Ci gaba, Sani."

Ya ci gaba kuwa. Ya kawo hujja, ya ja Larabci, ya fassara, ya gyara murya ya sake ja. Inna ba ta motsa ba, idonta a rufe, in ya tsagaita sai ta ce, "Ina jin ka." Ya yi magana har azahar, ya tafi yana ganin ya gamsar da ita. Ni kuwa na cika na batse, da shi da ita. Na ce:

"Inna, wai kin yarda da abin da yac ce?"

"Ban ji abin da yac ce ba," ta ce, har lokacin tana kallon bango. "Muryar nika saurare."

Sannan ta ƙara, a hankali: "Bai dai ce Ɗiyar Rabah ba."

Inna ta yi 'yan shekaru bayan nan. Faifan ba ta yar da shi ba, kullum da safe sai an sa mata, ta ce shi bai yi mata laifin komai ba. Rawanin ta ninke shi babu komai a ciki ta mayar akwati. Duk sanda Yaya Sani ya zo, za ta amsa gaisuwarsa, ta juya ga bango, ta bar shi ya yi ta magana. Har ta rasu ban ji ya nemi gafararta a kan kaset ɗin nan ba, ita ma ba ta sake tayar da zancen ba. Sauran albasar da na bari a rudu ita ta kai mu wata damina da ƙyar.

Ni ban yafe ba, kuma ya sani. Muna zumunci, ana suna ana biki, 'ya'yansa suna zuwa hutu su koma da buhun albasa. Amma 'ya'yana ba su san yadda kakansu yake tari ba, ni kaina baitocin sun fara zube mini, in na kamo farko sai ƙarshe ya ɓace. Yanzu da kowane mai yankan ganye yake yawo da malamai a aljihu, nawa malamin ba ya cikin wayar kowa.

Ina nan zaune shekaranjiyar, bayan mai wayar ya koma bakin aikinsa, sai tawa ta yi ƙara. Na duba, Yaya Sani ne. Tsufa ya kama shi yanzu, muryar ta ƙara kauri, har ɗan tarin nan ya zo mata. Na bar ta tana ƙara kamar ba zan ɗauka ba, sannan na ɗauka.

"Salamu alaikum. Umaru, ya ibada?"

Na tashi na zaga bayan rudu inda masu aiki ba za su ga fuskata ba. Na juya wa fadama baya, na rufe ido.

"Ina jin ka," na ce. "Ci gaba."